Ɗan Jakin da Ya Tashi daga Salaga

A Hausa Zango na Tamale akwai wani dattijo mai sayar da goro da kowa ke kira Baba. Ya haura tamanin, idonsa ɗaya ya yi yana, amma hannunsa bai taɓa kuskuren tsamo ruɓaɓɓen goro daga cikin huhu ba. Kakansa Bakano ne da fatauci ya kawo Gwanja. Ya zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, zuri'ar ta yi ta sauya mazauni, sai da Turawa suka mai da Tamale hedikwatar Arewa a 1907 sannan ta yada zango. Duk lokacin da na shigo gari, a rumfarsa nake zama bayan la'asar. A can na ji labarin da zan ba ku. Amma sai na fara da na yaron, domin ba don shi ba da Baba bai buɗe baki ba.

Ba zan kama sunan yaron ba, ko na kawunsa. Shekararsa goma. An fara jin muryarsa ne ranar saukar 'yan ajin gaba da shi a Islamiyya, aka miƙa masa makirfo ya rera ƙasida. Murya ce siririya, garau kamar ruwan sabuwar randa, tana hawa sama ba ka jin ta yi nishi. Mata suka yi ta share hawaye da bakin mayafi. Wani ya ɗauka a waya, kafin Juma'a ta zagayo ana sauraronsa daga Aboabo zuwa Lamashegu, daga Sakasaka zuwa Kalpohin. Uwarsa koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi. Uban yana Kumasi yana dako, sai da Sallah ake ganinsa. Ƙanen uwar, mai tuƙa keken nan mai ƙafa uku da mutanen Tamale ke kira yalo-yalo, shi ya ce wannan murya ba ta zaman gida ba ce. Ya sayar da keken, ya biya kuɗin situdiyo.

Ban ga laifin burinsa ba, kuma duk wanda ya san garin nan zai fahimce shi. An daɗe ana kallon Arewacin Gana a matsayin inda ake ɗauko 'yan ƙwadago, inda 'yan mata ke barin gida su tafi kasuwannin Kumasi da Ankara suna ɗaukar kaya a ka. Sai ga Mujahid Ahmed Bello, wato Fancy Gadam, ɗan Tamale, yana cika filin wasa mai ɗaukar mutum kusan 20,000 da waƙar Dagwambanci. Ya karɓi kyautar gwarzon sabbin mawaƙan ƙasar a 2017, shekara ta zagayo waƙarsa da Sarkodie, Total Cheat, ta zama waƙar shekara. Wani mawaƙin garin, Maccasio, shi ma ya cika filin. A talabijin kuma ga gasar yara ta Talented Kidz a TV3, inda DJ Switch ta yi nasara a 2017, Nakeeyat Dramani ta yi a 2019 tana 'yar shekara bakwai, har ta tsaya gaban taron sauyin yanayi na duniya a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2022. Mutumin da ke kwana yana lissafin kuɗin mai da na haya, ya waiwaya ya ga irin wannan baiwa a ɗakin yayarsa, dole zuciyarsa ta yi tsalle.

Faifan ya fito da waƙoƙi takwas, wasu da Hausa, wasu da Dagwambanci, ɗaya an cakuɗa da Turanci. Guda ɗaya ce tasa ta gaske, wadda ya yi wa uwarsa, yadda take tashi kafin kiran assalatu ta hura wuta ƙarƙashin tukunyar koko, hayaƙi na shiga idonta. Ya san abin da yake faɗa, don shi yake miƙo mata itacen, kuma duk wanda ya saurara zai ji haka. Sauran bakwai manya ne suka rubuta suka sa masa a baki. Yaron da bai gama sauya haƙora ba yana kukan masoyiya ta yaudare shi, yana yi wa maƙiya habaici alhali bai san ko mutum ɗaya da ya ƙi shi ba. Mai situdiyo kuma ya bi muryar da na'urar gyara har ta koma kamar ta kowa, abin da ya sa mata kuka ranar sauka ya nutse a ƙarƙashin kiɗa.

Duk da haka gari ya karɓa. Gidajen rediyo suka yi kwanaki suna sa shi. Ranar ƙaddamarwa aka yi jerin gwanon babura, aka ɗora shi a bayan buɗaɗɗiyar mota cikin rana, aka zaga da shi gari yana ɗaga hannu. An ce za a fara biki ƙarfe bakwai na yamma. Na je. Mawaƙan share fage suka yi ta hawa suna sauka, kowa na neman a gan shi. Wajen sha biyu na zaga bayan dandamali neman ruwa, sai na gan shi kwance a kan kujerun roba biyu da aka haɗa, da 'yar kwat mai ƙyalli da baƙin tabarau a ƙirjinsa, yana barci a gindin lasifikar da ke girgiza ƙasa. Sai bayan ƙarfe ɗaya aka shafa masa ruwa a fuska aka tura shi sama. Ya rera, wuri ya kaure da ihu, aka yi masa ruwan kuɗi. Ni ma na tashi na liƙa masa, kuma ina jin daɗi lokacin da nake yi. Dokar yara ta Gana ta 1998 ta hana sa yaro aikin dare daga ƙarfe takwas zuwa shida na safe, ta ce ko aiki mai sauƙi sai ya kai sha uku. A cikinmu a daren akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan gwamnati, akwai iyaye da suka bar nasu 'ya'yan a gida suna barci. Ban ji wanda ya duba agogo ba.

An yi gwanjon faifan farko. Masu neman kujera da manyan 'yan kasuwa suka yi ta kiran adadi a makirfo ana tafi. Wata biyu bayan nan kawu yana bin ofisoshi da shaguna, yau a ce Alhaji ya yi tafiya, gobe a ce yana taro. Faifan kuwa kowa yana da shi, amma ƙalilan suka saya, don daga waya zuwa waya ya bi. A zaure dattawa suna Allah wadai da waƙoƙin soyayyar, samari suna cewa hassada ce. Kuɗin da ya rage ana iya samu shi ne na hawa dandamali, sai aka koma biki da suna da taron siyasa, Juma'a da Asabar da Lahadi. Malamarsa ta aiko gida cewa yana barci a aji. Muryar ta fara dushewa da safe, sai a haɗa masa citta da zuma.

A wannan tsakanin ne kawu ya zo rumfar Baba. Goro yake so mai kyau, na gaida manya, domin ya shirya tafiyar mako uku da yaron, Kumasi da unguwannin Nima da Mamobi a Ankara, ga makaranta ba a yi hutu ba. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi buƙatarsa, ya ƙara da cewa a sa musu albarka.

Baba ya ce, “Allah ya kiyaye hanya. Zauna, ɗana, goron ba zai gudu ba. Ai ka tuna mini da kakana, shi ma wannan tafiyar ya yi ta yi, sai dai shi da ƙafa.”

Ya jawo huhu, ya buɗe ganyen, yana tsinta yana magana.

“Kakana yaron madugu ne tun yana ɗan sha biyar. Ayari yakan taso daga Kano da kanwa da tufafi da jan fata, a yi watanni a hanya kafin a ga rijiyoyin Salaga, a juyo da goro. Jagaba a gaba, uban dawaki a baya, madugu a tsakiya, jakuna ɗari-ɗari. Wata shekara wata jakar madugu ta iso da tsohon ciki, sai ya bar ta wajen fatomansa. Da ya komo ya tarar da ita da ɗa, auraki, bai cika shekara biyu ba. Kakana ya ce bai taɓa ganin jaki irinsa ba. Ƙafa kamar ta barewa, wuya a miƙe, in yana tafiya sai ka rantse ɗan doki ne yana takama.

“To, fatake suna da ka'ida. Ɗan jaki tafiyar farko binta yake zallarsa a bayan uwarsa, ba ko akumari. Yana koyon hanya, yana koyon tsallake rafi, yana koyon tsayawa in an ce a tsaya. Ta biyu a sa masa akumari da goran ruwa. Ba a aza masa waga sai ya sauya haƙora, ƙashin bayansa ya zauna. Ba tausayi ne kaɗai ya kawo ka'idar ba, lissafi ne na mutanen da dukiyarsu ke tafiya a bayan dabba.

“Wannan shekarar goro ya yi araha, madugu kuwa bashi ya yi masa katutu, na fatoma daban, na Kano daban. Ya saya har ya fi ƙarfin jakunansa. Daren tashi yana zagayawa sai idonsa ya faɗa kan aurakin nan. Uban dawaki ya ce, ‘Madugu, bai kai ba.’ Ya ce, ‘Ƙwarya biyar ce kawai, ko yaro ya ɗauka.’ Aka aza. Ɗan jaki ya ɗauka yana tsalle, kamar an ɗora masa auduga. Madugu ya yi murna, ya rataya masa ƙararrawar tagulla, ya yafa masa jan ƙyalle. Mutanen Salaga suka fito bakin gari suna cewa ga ɗan da ya fi uwarsa.

“Ka ji ni da kyau, ɗana, madugun nan ba mugu ba ne. Yana son dabbar nan. Da hannunsa yake ba ta dusa. In ana maganarta fuskarsa haske take yi.”

Kawu ya gyara zama. Baba ya ɗaga wata goriya ya duba ta da idonsa mai gani, ya ajiye ta gefe.

“Aka iso Yendi, labari ya riga su. Mata da yara suka yi dafifi, makaɗa suka yi masa kirari. Madugu ya lura duk garin da aurakin ya fara shiga kasuwa tana saurin buɗewa, sai ya mai da shi gaban ayari. In an sauka zango, sauran jakuna a kwance musu kaya su yi birgima su huta, shi kuwa a ja shi cikin gari da ƙararrawarsa, a kai shi ƙofar sarki, a kai shi ƙofar liman, ba a dawo da shi sai dare ya raba. Asuba a ɗaura.

“Sannan ga 'yan ayari. Wannan ya zo ya ce, ‘Madugu, ƙwarya ɗaya ce ta yi mini yawa, a ɗan ɗora wa gwanin.’ Wancan ya kawo tabarmarsa, wani buta, wani ƙunshin gishiri. Kowa abin da ya kawo ba nauyi, kuma gaskiyarsa ne, ba nauyi. Kowa in ya ɗora sai ya shafa wuyansa ya yaba masa. Daga Sansanne Mango zuwa Zugu babu mutum ɗaya a ayarin da zai ce shi ne ya yi wa ɗan jakin nan lodi.

“Kakana ne mai kwance masa akumari. Wani dare ya ga miki a gadon bayansa, bai fi wuri ɗaya ba. Ya shafa man kaɗanya, ya je ya gaya wa madugu. Madugu ya zo ya duba, ya yi shiru, ya ce a ƙara ninka ƙyallen don kada mutane su gani, in an kai Kano zai huta. Ka san jaki ba ya cewa na gaji. Ɗan jaki kuwa in ana tafa masa ƙara sauri yake, don bai san akwai wata irin tafiya ban da wadda aka koya masa ba.

“Aka shiga ƙasar Bargu, aka wuce Nikki, ga duwatsu, ga tsoron 'yan fashi, ba a tsayawa. Nan bayansa ya fara lotsawa. Saura kwana biyu a kai mashigin Kwara ya durƙusa. Aka buge shi ya tashi. Ya yi 'yar tafiya ya sake durƙusawa. Sai 'yan ayari suka zo kowa ya cire kayansa yana tsaki. Wanda ya fi kowa yabonsa a Yendi shi ya fara cewa ashe rago ne, kyan banza. Wani ya ce dama shi tun a Salaga ya san za a yi haka. Madugu ya kwance ƙararrawar da jan ƙyallen, ya bar shi a wani ƙauye a bakin ruwa, aka ba shi damin dawa.”

Baba ya ƙirga goron cikin ganye, ya yayyafa ruwa, ya fara naɗewa. Kawu ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Ya mutu ke nan, Baba?”

“Bai mutu ba. Shekara biyu bayan nan kakana ya biyo ta ƙauyen ya gan shi. Ya girma, ya cika jaki, amma bayan ya lanƙwashe kamar akushi. Ba ya iya ɗaukar ko tulu biyu. Yaran gari ke wasa da shi. Kakana ya kira shi da irin fiton da yake yi masa, ya ɗago kai, ya taho yana ƙoƙarin yin takamar nan tasa ta da. Tsaransa kuwa, waɗanda suka bi iyayensu zallarsu a waccan tafiyar ba wanda ya kalle su, su ne a ranar ke ɗauke da waga bibbiyu, kuma sun yi shekaru suna kai da komo tsakanin Kano da Gwanja. Madugu ya kai Kano da goronsa, ya biya rabin bashin.”

Rumfar ta yi tsit, sai ƙarar babura a titi. Kawu ya tambayi kuɗin goro, ya biya. Baba ya ƙara masa biyu gyara, ya ce ya gaida manyan Kumasi. Ya tashi ya tafi bai waiwayo ba.

Ni ne na kasa tashi. Kuɗin da na liƙa a daren nan ƙwarya ɗaya ce, ba nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne garin nan ya san ka'idar fatake, don yana da irinta a cikin kiɗansa. Lunsi, makaɗan Dagwamba masu ganga irin kalangu, waɗanda shugabansu Namo-Na yake Yendi kusa da sarkinsu Ya-Na, gadon sana'ar suke yi. Ana rataya wa yaro 'yar ƙaramar ganga tun yana ƙanƙane, ya bi iyayensa kasuwa da gidan biki da gidan makoki, yana riƙe musu kiɗa daga baya, yana haddace sunayen sarakuna da kirarinsu. Shekaru masu yawa ke wucewa kafin a bar shi ya tsaya a ƙofar fada lokacin Sallah ya kwana yana rera tarihin Dagbon. A ƙasar Hausa ma ɗan makaɗi da kuntukuru yake farawa, ɗan mawaƙi da amshi. Ba wanda ya hana yaro waƙa a nan. Yana cikinta tsundum, amma cefanen gida ba a wuyansa yake ba, idon taro kuma yana kan ubansa.

Muryar yaro kuma aro ce. In ya doshi sha uku ko sha huɗu maƙogwaro zai buɗe, siririyar nan ta tafi, wata ta zo wadda ba wanda ya san kamanninta, kuma wadda aka gurje da ihu a gaban lasifika kafin ta iso ba ta zuwa lafiya. A Amurka an yi Frankie Lymon, wanda waƙarsa ta cika duniya a 1956 yana ɗan sha uku. Murya ta sauya, masu saye suka juya baya, ƙwaya ta kashe shi a 1968 yana da shekara 25. An yi Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a fim ɗin The Kid a 1921, ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye dukiyar, ya kai su kotu a 1938. Sanadinsa jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939, kuma yau dole a ware kashi 15 cikin ɗari na abin da yaro ya samu a ajiye masa har ya girma. Na yi ta tunanin ko akwai sidi ɗaya daga ruwan kuɗin daren nan da aka ajiye da sunan yaron, ko don ranar da za a daina kiransa biki ya koma neman kuɗin jarrabawa.

Da aka kira magariba Baba ya fara tattara kaya. Na ce, “Baba, labarin nan da gaske ya faru?”

Bai amsa ba. Ya jawo wani tsohon gwangwani da yake zuba canji, ya tona ƙasansa, ya fito da 'yar ƙararrawar tagulla da ta yi baƙi, harshenta ya faɗi tuntuni. Ya ce madugu bai sake rataya wa wata dabba ita ba, kakansa ya ba wa da suka isa Kano. Ya mai da ita, ya rufe.

Sannan ya ɗauki goriyar nan da ya ware tun ɗazu, ya haɗa da wata, ya naɗe a ganye ya miƙo mini.

“In za ka wuce ta wajen mai kokon nan, ka kai mata. Ka ce Baba yana gaishe ta, yana tambayar maƙogwaron ɗan nata. Ka ce in ta sami sarari ta leƙo, ita kaɗai.”

Na same ta tana wanke tukunya. Yaron yana zaune a kan benci da littafin lissafi a cinyarsa, ga jakar tafiya an riga an ɗaure a gefensa. Ya gaishe ni, muryar a shaƙe. Ta goge hannu a zani, ta karɓi goron da hannu biyu, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce in gaya wa Baba tana nan tafe gobe in ta sauke koko.